Ranar da Aka Wanke Faifan Tagulla

Aminina yana zaune a Vénissieux, bayan garin Lyon, can sama a ɗaya daga cikin dogayen benayen Minguettes. Ni kuwa a Saint-Denis nake, arewa da Paris. Shi Babarbare ne daga Damagaram, ni Bafillace daga ƙasar Maradi, saboda haka tun muna samari ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya. In na buga masa waya, kafin sallama zai ce, "Bawana, yau wace saniya ta ɓace?" Ni kuma in ce masa ya gyara zama, ubangidansa ne ke magana.

A da, a saman kabad ɗin ɗakinsa akwai wani faifan tagulla naɗe cikin tsohon zane. Irin faifan nan ne da masu kiɗan Turawa ke kafawa a kan sandar ƙarfe kusa da ganguna, Faransawa na ce masa sambal. Faɗinsa ya kai farantin cin abincin taro. Baƙi ne ƙirin a tsakiya, gefensa kore-kore, kamar gindin tukunyar da ta daɗe kan murhu.

Mai faifan na asali wani baƙar fata ne ɗan Amurka, makaɗin jaz, daga cikin waɗanda suka taso da salon da ake kira bibop bayan yaƙin duniya na biyu. Ba ya cikin manyan da ake buga hotunansu a littattafai. Yana cikin waɗanda ake kira in babban makaɗi ya yi tafiya ko an kulle shi. Ya baro ƙasarsa don a can ana tafa masa a dandali, sannan a hana shi cin abinci a ɗakin da ya yi wasan. A Paris ya samu ana girmama shi ana ce masa mushe, wato malam da Faransanci, sai ya zauna.

Kafin zamaninsu, makaɗin jaz da ƙafa yake riƙe wa 'yan rawa lokaci, yana taka babbar ganga dum, dum, dum, kamar mai kiɗan gayya da ke jan manoma zuwa ƙarshen kunya. Su 'yan bibop sai suka ɗauke lokacin daga ƙafa suka ɗora shi a hannun dama, a kan faifan nan. Babbar ganga ta koma sai jefi-jefi, inda ba ka zata ba, kamar dattijon da ya yi shiru a taro sannan ya jefa magana ɗaya. Da haka ganga ta daina bin masu busa a baya, ta shiga hira da su. Na yi yawo a duniya gwargwado, aikin tafinta na yi wa 'yan kasuwa shekara da shekaru. Na ji gangunan Legas masu magana da na Hartum. A ko'ina na je, makaɗi ya san sunan wanda yake kaɗa wa, yana da ubangida ko sana'ar da yake yi wa take. Waɗannan mutane ba su da kowa. Junansu suke kaɗa wa, da mai gidan rawar da zai iya korarsu gobe.

Aminina ɗan gidan makaɗa ne. Kakansa da ubansa kalangu suka yi wa mahauta, shi kuma gudun kalangun ne ya kawo shi Faransa. Aikin da ya fara samu shi ne wanke-wanke a wani gidan kiɗa na ƙarƙashin ƙasa kusa da kogi. Ba'amurken yakan zo da rana, lokacin da ba kowa sai masu shara, ya zauna shi kaɗai yana gwaji. Ni a lokacin ɗalibi ne, nakan biya in samu abin da ya rage a tukunya.

Wata rana da azahar Ba'amurken ya hau sama shan taba. Aminina ya dubi faifan ya ce wannan ƙazanta ta yi yawa ga mutum mai kirki irin wannan. Ya kwance shi daga kan sandar, ya kai wurin wanke tukwane, ya ɗauki sabulu da soso. Ban taɓa ganin mutum mai jiki ya sauko matakala da sauri irin na ranar ba. Ya cafke wuyan hannun aminina, sabulun ya faɗi ƙasa. Faransancinsa bai wuce na sayen burodi ba, ni kuma na iya Ingilishi tun zamana a Kano, sai ya juyo gare ni yana haki.

"Gaya masa baƙin nan shi ne muryar. In ya wanke, ya kashe ni."

Da hankalinsa ya kwanta ya ba mu labari. Sabo ya sayi faifan, yana ƙyalli, amma ƙararsa kamar yaro mai ihu, tana rufe kowa. Sai ya binne shi a bayan gidan gwaggonsa, ya bar shi cikin ƙasa har sanyi ya zo ya wuce. Da ya tono shi, ihun ya ragu. Sauran aikin kuwa hayaƙin taba ya yi shi, da gumin hannu, da danshin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na garuruwa da yawa. Dauɗar ta cike 'yan layukan da ke jikin tagullar, ta danne kaifin ƙarar. Ya nuna mana wani wuri, kamar taƙi ɗaya daga baki, inda sandar kiɗansa ta ci baƙin ya yi sulɓi, girmansa bai wuce tafin hannun jariri ba. Nan kaɗai yake bugawa in yana riƙe lokaci.

A wannan riƙon da ya yi wa hannun aminina ne ya ji wani abu. Ya jujjuya wuyan hannun, ya ce in tambaye shi ko a gidansu ana kiɗa. Aminina ya ce a'a. Ba'amurken ya yi dariya ya ce hannu bai iya ƙarya ba. Daga ranar ya fara koya masa, hannun dama kawai, a kan faifan kawai, kullum da rana bayan an gama tukwane. Bai taɓa barinsa ya hau gangunan ba. Cewa yake sauran duk kowa na iya koya.

Abin bai daɗe ba. Samari suka koma wa gita mai lantarki, gidajen ƙarƙashin ƙasa suka riƙa rufewa ko su zama wurin rawar faifan garmaho. Ba'amurken ya sa kansa a kwalbar giya. Ya sayar da gangunansa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in an kira shi wasa sai ya je da faifansa a hamata ya yi aron sauran. A gadon asibiti ya miƙa wa aminina faifan da sandar ƙarfen da sandunan kiɗa biyu. An binne shi a wata maƙabarta bayan gari, a ɓangaren waɗanda ba su da mai saya musu wuri. Da na koma bayan wasu shekaru, wani ne kwance a wurin. Akwai faya-fayen garmaho da aka ɗauka da shi a ciki, amma na'urar wancan zamani ba ta kama tagulla. Za ka ji masu busa sarai, shi kuwa sai wani shuu daga nesa kamar ruwa a kan kwanon maƙwabta, kuma sau da yawa ko sunansa babu a jikin kwalin.

Aminina ya samu aiki a masana'antar manyan motoci ta Lyon, ya koma can. Ya yi aure daga gida, ya haifi 'ya'ya, ya je Makka ya zama Alhaji, ya zama mai sahun gaba a masallacin unguwa. Bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ko ɗaya daga cikin wannan labari ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kai Bafillace, ba a taɓa ce wa ɗiyarka ɗiyar makaɗi ba ranar da aka zo neman aurenta." Ban sake tambaya ba. Yaran sun taso suna ce wa ƙunshin kan kabad kwanon Papa, sun san ba a taɓawa, shi ke nan.

Sai in na kai masa ziyara, matarsa Hajiya ta tafi kasuwa, yakan rufe ƙofa ya jawo sandar ƙarfen daga ƙarƙashin gado. Ya kafa faifan, ya zauna a bakin katifa, ya rufe ido. Ƙarar ba ta da ƙarfi. A ƙasa akwai wani gurnani mai duhu da ke bazuwa a ɗakin kamar iska a gonar gero da ta nuna, a samansa kuma kan sandar yana fita tsaf, kowane bugu daban, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san za a buɗe masa. Lokacin ba ya tafiya daidai kamar agogo, yana ɗan jinkiri yana ɗan gaggawa, irin tafiyar raƙumi. In na rufe nawa idon sai in ga Ba'amurken da taba a gefen baki. Na taɓa zuwa Istanbul da wasu fatake, na shiga maƙerar da ake buga irin waɗannan faya-faye da guduma, na ba tsohon maƙerin labarin. Ya ce su rabin murya suke ƙerawa, sauran rabin mai faifan ke yi, kuma ba a yin sa sau biyu.

Shekaru suka tafi. Hajiya ta rasu. Babbar ɗiyarsa, wadda ke aikin jinya kuma take zaune a benen da ke kallon nasa, ita ta ɗauki nauyinsa, abinci da wanki da magani, ba ta taɓa gajiya ba. Hannunsa na hagu ya fara rawa, na dama ma ya soma.

A wani taron suna a Bobigny na haɗu da wata mata, ubanta mutumin Tawa ne amma ita a nan aka haife ta. Malamar kiɗa ce, ganguna take koyarwa a wata makaranta. Hira ta kai mu ga jaz, ta ce ta yi shekaru tana kasa kunne ga tsofaffin faya-fayen nan tana neman ta ji abin da hannun dama ke yi, ba ta ji. Na ba ta labarin faifan. Ta ajiye cokali, ta kira ni Tonton, wato kawu.

"Tonton, kana nufin sambal ɗin yana nan, ba a taɓa shi ba? Da mutumin da ya koya daga hannunsa?"

Ta ce tana da na'urar ɗaukar murya mai kyau, yini ɗaya ya ishe ta. Ni ma na ga abin da ta gani. Muryar nan ba ta ko'ina a duniya sai a cikin baƙin tagullar da hannun dama na tsoho ɗaya, kuma hannun ya fara tafiya.

Aminina ya ƙi. "Me ka sani a kiɗa, kai da kukan maraƙi ke sa ka hawaye? In zauna da furfurata mace ta ɗauke ni ina kiɗa, gobe a ji a masallaci?" Na ce ba za a sa sunansa ba, hannunsa kawai za a ji. Ya kashe waya. Na yi ta bibiya har damina ta wuce a gida. Rannan shi ya kira ni da kansa. Ya ce kofin shayi ya suɓuce masa daga hannun dama da safe. Ya ce mu zo ran Asabar.

Dole ya gaya wa ɗiyarsa za a yi baƙi, tunda ita za ta yi girki. Abin da ya ce mata kawai shi ne wata malama za ta taso daga Paris ta ga kwanon nan na kan kabad. Ran Juma'a ya tafi masallaci, daga can ya zauna hira da tsofaffi har la'asar kamar yadda ya saba.

Muka shiga jirgin ƙasa na safe ni da malamar, ita da jakar na'urorinta a baya, ta yi ta magana har Lyon. Muka hau jirgin metro na ƙarƙashin ƙasa, muka sauya zuwa jirgin taram na kan titi, muka hau bene. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin dambu da soyayyar kaza, da wani ƙamshi mai kaifi na lemun tsami.

Aminina ne ya buɗe, sanye da babbar rigarsa ta Idi. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Alhaji, barka da zuwa. Ina gajiya? Ina iyali? Yaya hanya?" Ya bi gaisuwar nan tiryan-tiryan har ƙarshe, kamar yana gaida surukinsa. Bai ce bawana ba. 

Faifan yana kan teburin falo, an shimfiɗa masa farin kyalle. Yana walƙiya kamar zinariya, hasken taga na dukansa yana wasa a rufin ɗaki.

Ɗiyar ta fito daga kicin tana goge hannu, yatsunta sun yi ja. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta rungumi malamar, fuskarta cike da murna.

"Tonton, ka ga aiki? Wallahi jiya tun da Papa ya fita nake kansa. Lemun tsami, gishiri, binega, ƙarshe sai da na sa soson ƙarfe. Ka san yadda Maman take da kwanoninta, ko na cikin kabad sai sun yi ƙyalli in za a yi baƙi. Ya za a yi mutum ya taso tun daga Paris a nuna masa wannan baƙin abu? Ai sai a ce Papa bai haifu ba."

Na dubi aminina. Ya ce mata, "Allah ya yi miki albarka." Ta ce amin, ta koma kicin.

Malamar ta sauke jakarta daga baya. Ta matsa ta sa yatsa a kan tagullar, ta bi sawun soson da ya zagaye shi. Sannan ta buɗe jaka ta fara kafa na'urorinta, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba in ba haka ba.

Ya ɗauko sandar ƙarfen ya kafa faifan. Ya zauna, ya ɗauki sandar kiɗa, ya tsaya. Na ga yana juya faifan a hankali, yana neman wurin nan mai sulɓi. Ko'ina ya zama ɗaya. Ya auna taƙi daga baki da yatsunsa masu rawa, ya zaɓi wani wuri, ya buga.

Ƙarar ta tashi sama, fara tas, mai kaifi, kamar an saki faranti a kan siminti. Bugu na biyu ya hau kan na farko, na uku ya hau kan na biyu, kafin a jima duk sun narke sun zama ihu ɗaya, kan sandar ya nutse a ciki. Ya rage ƙarfi, ya matsa ciki, ya dawo baki. Hannun yana yin abin da ya sani, amma kunnen ba ya samun amsar da ya saba, sai tafiyar raƙumin ta rikice. Ɗiyar ta leƙo da ludayi a hannu.

"Papa! Ashe ka iya wannan? Tun yaushe?"

"Wasan yara ne," in ji shi. "Duba tukunyarki kar ta kama."

Ya ɗan ƙara kaɗan, sannan ya kama bakin faifan da yatsu biyu, ƙarar ta mutu. Ya ajiye sandar a kan cinyarsa.

Malamar ta durƙusa kusa da kujerarsa, ta yi ƙasa da murya, Hausarta na karyewa tana cikawa da Faransanci. Ta ce, "Baba, ana iya binne shi kuma. Ina da 'yar gona a bayan gida. In ya daɗe a ƙasa zai yi duhu."

"Zai yi duhu," in ji shi. "Hayaƙin fa? Yanzu ko taba ba a sha a ɗaki. Gumin mutumin fa, a wace kasuwa za ki sayo? Kuma malama, tsakanina da shi wa kike gani za a riga binnewa?"

Ta ce to aƙalla a yi wa ɗiyarsa bayani, don kada ta sake. Ya ɗaga hannu.

"Ba mai gaya mata. Yarinyar nan ta yini tana gurzar ƙarfe don kar ubanta ya ji kunya. In ta san abin da ta wanke, da shi za ta zauna har ta tsufa." Ya juyo ya dube ni. "Ni ma ai na ɗauki sabulu, kana wurin. Ni dai na samu mai riƙe mini hannu."

Muka ci dambu. Ya yi daɗi ƙwarai, muka faɗa mata haka. Ta yi ta tambayar malamar ko kwanon yana da daraja, malamar ta ce yana da ita.

A jirgin komawa malamar ta fito da na'urarta ta ce tunda ni na ji muryar ta asali, in kwatanta mata da baki. Na gwada da Faransanci, na ce mai duhu ce, busasshiya. Ta ce haka kowa ke faɗa a kan kowane tsohon sambal. Na gwada da Hausa, na kawo gonar gero da ƙwanƙwasa ƙofa. Na lalubo Ingilishi da Larabci har da Fillancin kakata. Ta yi ta gyaɗa kai don ladabi. Duk rayuwata da juya magana daga wani harshe zuwa wani na ci abinci, amma na ga a idonta ba abin da ya isa gare ta. Ta kashe na'urar. Daga baya ta aiko mini da abin da ta ɗauka a falon. Na saurara sau ɗaya. Wani tsoho ne ke buga sabon faranti.

Har yanzu ina zuwa Vénissieux, ko da yake gwiwa ta sa na rage. Aminina ya koma kirana bawana, amma sandar ƙarfen ba ta sake fitowa daga ƙarƙashin gado ba, hannun ma yanzu ko cokali sai an taimaka masa. Ɗiyar ta ce abu mai daraja irin wannan bai kamata ya zauna a kan kabad ba. Ta sa an buga ƙusa, ta rataye faifan a bangon falo, tsakanin hoton Ka'aba da agogo.

Zuwana na bara na lura gefensa na ƙasa ya fara dusashewa, wani ɗan kore ya soma fitowa inda danshin taga ke taɓa shi. Na nuna wa aminina da haɓa. Ya duba ya daɗe. Da na koma bayan Sallar layya, na tarar ɗiyar ta goge shi tare da sauran kwanonin gidan.